Allon zamani a ajin lissafi: abin da ya kamata iyaye a Libreville su sani

A unguwar Awendjé da ke birnin Libreville, kamar a ko'ina cikin ƙasar Gabon, yaro shekara biyar yake yi a makarantar firamare kafin ya zauna jarrabawar CEP, kuma da Faransanci ake koya masa komai tun daga ranar farko. Ga iyalin Bahaushe da ke zaune a can, hakan na nufin yaron da ya tashi yana ƙirga kuɗi da dala a gida zai shiga aji ya tarar ana ƙirgawa da wani harshe, a kan wani tsari daban. A 'yan shekarun nan kuma wata tambaya ta ƙaru a kan waɗanda iyaye suka saba yi lokacin zaɓen makaranta: idan aka ce aji yana da allon zamani, wanda ake kira TBI ko TNI da Faransanci, me hakan zai ƙara wa yaro a lissafi, kuma ya cancanci a biya ƙarin kuɗi saboda shi?

Mene ne allon zamani?

Allo ne babba da ke haɗe da kwamfuta. Duk abin da ke fuskar kwamfutar yana fitowa a jikinsa, kuma idan aka taɓa shi da yatsa ko da alƙalaminsa na musamman sai kwamfutar ta amsa. Malami na iya yin rubutu a kai kamar yadda yake yi da alli, ya ja hoto daga wannan gefe zuwa wancan, ya ƙara masa girma, ya juya shi, ya goge, sannan ya adana shafin domin darasin gobe.

Iri uku aka fi samu. Na farko allo ne mai jin taɓi wanda na'urar majigi ke haska hoto a kansa. Na biyu majigi ne da ke iya gane motsin alƙalami da kansa, wanda ake kira VPI, don haka farin bango mai santsi ma ya ishe shi. Na uku kuma babban gilashi ne mai kama da talabijin, yawanci mai faɗin inci 65, 75 ko 86, wanda ba ya bukatar majigi. Na ukun ya fi haske da tsada, na biyun ya fi sauƙin ɗauka daga aji zuwa aji.

Daga ina ya samo asali?

Kamfanin SMART Technologies da ke Calgary a ƙasar Kanada, wanda David Martin da Nancy Knowlton suka kafa, shi ne ya fitar da allonsa na farko kasuwa a shekarar 1991. Daga baya kamfanin Promethean na Blackburn a Ingila ya shigo harkar. Ingila ce ƙasar da ta fara sayen allon da yawa domin makarantun gwamnati a farkon shekarun 2000. Turkiyya ta bi sahu da shirin FATİH da ta sanar a 2010. A 2011 kuma firimiyan lardin Kebek na Kanada, Jean Charest, ya yi alƙawarin kashe dalar Kanada miliyan 240 domin sa allo a kowane aji da ba kowane malami kwamfuta.

A ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci, sunan da aka fi sani shi ne Sankoré, wanda aka aro daga tsohon masallaci kuma cibiyar ilimi ta Timbuktu. Shirin ya biyo bayan taron shugabannin Faransa da Birtaniya na watan Maris 2008, inda ƙasashen biyu suka yi alƙawarin taimakawa wajen sa yaran Afirka miliyan 16 a makaranta. Tsohon ministan Faransa Alain Madelin na cikin jagororinsa. Kayan aji guda sun ƙunshi kwamfuta da majigi mai gane alƙalami, an kuma raba su a ƙasashe irin su Senegal da Mali da Burkina Faso. Manhajar da ke tafiyar da su ta samo asali ne daga Uniboard, wadda aka ƙirƙira a Jami'ar Lausanne ta ƙasar Suwizalan, sannan aka sake ta kyauta da sunan Open-Sankoré. Aikin inganta ta ya tsaya daga baya, amma reshenta mai suna OpenBoard, wanda hukumar ilimi ta Geneva ke kula da shi, yana nan, kuma kowa na iya sauke shi ba tare da biyan ko sisi ba.

Yadda lissafi yake a firamaren Gabon

Dokar ilimi mai lamba 21/2011, wadda aka sa wa hannu ranar 14 ga Fabrairu 2012, ta wajabta karatu ga yara daga shekara 3 zuwa 16. Firamare aji biyar ne, daga shekara ta 1 zuwa ta 5, saɓanin Nijar da Kamaru da Najeriya inda ake yin shida. Wannan bambanci na da muhimmanci ga iyalan da ke kai da komo tsakanin ƙasashe, domin yaron da aka ɗauko daga Maraɗi ko Garwa a tsakiyar karatu ba lalle ne ajin da ya baro ya yi daidai da wanda zai shiga a Libreville ba.

A 2019 shirin PASEC, na ƙungiyar ministocin ilimi ta ƙasashe masu amfani da Faransanci, CONFEMEN, ya auna ƙwazon ɗalibai a ƙasashe 14 na kudu da Sahara. A ƙarshen firamare, fiye da kashi 90 cikin 100 na yaran Gabon sun kai matakin da ake bukata a karatu, amma a lissafi kusan biyu cikin uku ne suka kai. Duk da haka Gabon na sahun gaba, domin idan aka haɗa ƙasashen gaba ɗaya, waɗanda suka kai matakin lissafi ba su cika huɗu cikin goma ba, a Nijar kuwa ba su kai ɗaya cikin huɗu ba. Ke nan ko a Gabon, yaro ɗaya cikin uku yana gama firamare ba tare da lissafinsa ya zauna ba.

Babbar matsalar makarantun gwamnati a Libreville ita ce cunkoso. Shi ya sa ƙasar ta karɓi bashin Yuro miliyan 154, kimanin CFA biliyan 101, daga hukumar raya ƙasashe ta Faransa, AFD, domin shirin PISE na gina azuzuwa a Libreville da Port-Gentil. Ta fuskar fasaha kuma, Gabon na cikin ƙasashe 13, tare da Nijar da Najeriya da Chadi da Kongo, da yarjejeniyar UNICEF da kamfanin Airtel Africa ta watan Nuwamba 2021 ta shafa. Yarjejeniyar ta dalar Amurka miliyan 57 ce, ta shekara biyar, kuma manufarta haɗa makarantu da intanet da buɗe wa ɗalibai shafukan karatu kyauta.

Inda allon ke da amfani a darasin lissafi

Masanin ilimi ɗan Amurka Jerome Bruner ya bayyana a shekarun 1960 cewa yaro kan fahimci sabon abu ta matakai uku: ya fara taɓa shi da hannu, sannan ya gan shi a hoto, sannan ya rubuta shi da alama. Allon zamani ya fi ƙarfi a mataki na biyu, wato gadar da ke tsakanin tsinkayen da yaro ke ƙirgawa a kan tebur da lambobin da zai rubuta a littafi.

Misali, a ɗebe 27 daga 52. Yara da yawa sukan haddace cewa ana "aro ɗaya" ba tare da sanin daga ina ake aro ba. A kan allon, malami zai nuna ƙulli biyar na tsinkaye goma-goma da tsinke biyu a gefe. Tun da ba za a iya cire bakwai daga biyu ba, sai a kira yaro ya taɓa ƙulli ɗaya ya kwance shi. Yanzu saura ƙulli huɗu da tsinke goma sha biyu. A cire bakwai, saura biyar. A cire ƙulli biyu, saura biyu. Amsa ta fito, 25, kuma kowa ya ga cewa abin da aka aro goma ce, ba ɗaya ba. Idan wani bai gane ba, sai a mayar da hoton baya a sake, ba sai an goge an sake zanawa ba.

Haka abin yake a kason abu. Za a zana sanda ɗaya a raba ta biyu a shafa wa rabi launi, sannan a kwafe ta a raba huɗu, a sake kwafewa a raba takwas. Idan aka jera su ɗaya a kan ɗaya, yaro zai gani da idonsa cewa rabi da rubu'i biyu da kashi huɗu cikin takwas duk tsawonsu ɗaya ne. Gani ya kori ji.

A darasin siffofi ma yana rage wahala. Manhajoji irin su OpenBoard suna ɗauke da rula da kamfas da ma'aunin kusurwa waɗanda ake ja da yatsa, kuma na bayan aji na iya ganin inda aka ɗora su. GeoGebra, wadda Markus Hohenwarter ya fara rubutawa a Jami'ar Salzburg ta ƙasar Austriya a 2001, tana ba da damar jan kusurwar siffa ana kallon yadda awonta ke sauyawa. Da ita ake iya warware wani ruɗani da ya zama ruwan dare, wato ɗaukar cewa siffofi biyu masu kewaye ɗaya dole faɗin filinsu ya zama ɗaya. Fili mai tsawon mita 6 da faɗin mita 2 kewayensa mita 16 ne, cikinsa kuma murabba'in mita 12. Fili mai mita 4 ta kowane gefe shi ma kewayensa 16 ne, amma cikinsa 16. Duk ɗan da ubansa ya taɓa neman rumfa a kasuwa zai gane amfanin wannan bambanci.

Yaron da ke ƙirgawa da harshe biyu

Hausawa sun daɗe a Gabon. Fiye da shekara ɗari ke nan da fatake suka biyo ta Kamaru suka zauna a garuruwan arewacin ƙasar irin su Bitam da Oyem, daga baya wasu suka zo Libreville daga Nijar da Najeriya da Kamaru. Yaran waɗannan gidaje sukan shiga aji da wani lissafi a kansu tun kafin a koya masu na boko, sai dai sunayen lambobin ne ke sauyawa.

Wuri na farko da ake tuntuɓe shi ne daga 70 zuwa 99. A Hausa casa'in da bakwai kalma biyu ce, ɗaya ta gomomi, ɗaya ta ɗaiɗai. A Faransancin Faransa, wanda ake koyarwa a Gabon, 97 ita ce *quatre-vingt-dix-sept*, wato huɗu, ashirin, goma, bakwai. Yaron da aka yi wa shifta yana iya rubuta 8017 ko 42017, alhali ya san adadin sarai da Hausa. A Beljiyam da Suwizalan da Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo ana cewa *septante* da *nonante*, abin da ke rage wannan matsala. A kan allon zamani ana iya nuna layuka huɗu na ashirin-ashirin da sauran goma sha bakwai, sannan a ja su a sake jera su zuwa layuka tara na goma-goma da bakwai. Adadin bai sauya ba, jerin ne ya sauya. Tsohuwar ƙidayar Hausa ta gomiya biyu, gomiya uku, har zuwa gomiya tara, ita ma tana faɗin wannan tsari ƙarara, kuma iyayen da suka san ta na iya taimaka wa yaro da ita a gida.

Wuri na biyu shi ne kuɗi. Hausawan ƙasashen CFA da dala suke ƙirgawa, dala ɗaya kuwa faran 5 ce. Dala ashirin faran 100 ce, dala ɗari faran 500, jika ɗaya faran 1,000. Yaron da aka aika sayen kayan dala saba'in da dala ɗari a hannunsa ya san canjinsa dala talatin ne. A makaranta kuwa za a rubuta masa 500 a ɗebe 350, amsa 150, sai ya ga kamar wani lissafi ne daban. Idan aka zana layin lambobi biyu a kan allo, na sama da dala, na ƙasa da faran, aka riƙa jan alama a kansu tare, yaron zai gane cewa ninkawa sau biyar yake yi kullum ba tare da ya sani ba. Malamin da ba Bahaushe ba bai zama lalle ya san wannan ƙidaya ba, don haka yana da kyau iyaye su sanar da shi.

Me bincike ya nuna?

Binciken da Jami'ar Newcastle ta fitar a 2005, ƙarƙashin jagorancin Steve Higgins, ya kwatanta makarantun firamaren Ingila masu allon da marasa shi. Malamai da ɗalibai sun yaba da allon ƙwarai. A shekarar farko an ga ɗan ƙarin maki a jarrabawar ƙasa, amma a ta biyu bambancin ya ɓace. Wani binciken na Jami'ar Manchester Metropolitan a 2007, wanda Bridget Somekh ta jagoranta, ya samu ci gaba a lissafi, musamman inda malamai suka shafe aƙalla shekara biyu suna aiki da allon, sai dai yara masu ƙoƙari da matsakaita sun fi masu rauni cin moriya.

A Kebek, Thierry Karsenti na Jami'ar Montréal ya tambayi ɗalibai fiye da 11,000 da malamai fiye da 1,000, ya kuma wallafa sakamakon a 2016. Ya gano cewa akasarin malamai suna amfani da allon ne a matsayin majigi kawai, ba kasafai ake barin yara su taɓa shi ba, kuma matsalolin na'ura na cin lokacin darasi. Rahoton UNESCO na 2023 kan fasaha a harkar ilimi shi ma ya nuna cewa hujjoji masu ƙarfi da ke tabbatar da amfanin irin waɗannan kayan ba su da yawa, kuma wani kaso daga cikinsu masu sayar da kayan ne suka samar da su.

Abin da binciken suka haɗu a kai shi ne, allon ba ya koyarwa da kansa. A hannun malamin da ya san lissafi kuma ya samu horo, yana ƙara haske. A hannun wanda bai samu ba, baƙin allo ne mai cin wuta.

Matsalar aji mai cunkoso

Mutum ɗaya ko biyu ne ke iya aiki a jikin allon a lokaci guda. A ajin yara 60, idan darasi na minti 45 ne aka kuma raba shi daidai, kowane yaro daƙiƙa 45 zai samu, ko da malamin bai buɗe baki ba. Saura kuwa 'yan kallo ne.

Makarantun tsarin Faransa suna da tsohuwar dabara da ke maganin wannan, wato *procédé La Martinière*, wadda ta samo suna daga wata makaranta a birnin Lyon a ƙarni na 19. Malami zai faɗi tambaya, kowa ya yi tunani, ya rubuta amsa a ɗan allonsa na hannu, idan aka buga tebur kowa ya ɗaga. Cikin ƙiftawar ido malami ya ga wanda ya gane da wanda bai gane ba. Idan aka haɗa biyun, tambaya ta fito a babban allo, kowa ya amsa a ƙaramin allo, sannan a kira wanda ya kuskure ya zo ya gwada da hoto, to darasin ya shafi kowa. Ajin da ya yar da ƙananan alluna da tsinkaye da marafan kwalba saboda ya samu na zamani ya yi asarar matakin farko na Bruner.

Wuta, yanayi da gyara

Allon ba ya aiki sai da lantarki, kuma Libreville ta yi fama da ɗauke wuta sosai a 2024 da 2025. Ɗaukewa da dawowar wuta ba zato na lalata majigi, saboda haka ana bukatar na'urar daidaita wuta da batirin ko-ta-kwana. Birnin na bakin teku, ruwan sama na kai kusan mita uku a shekara, kuma laima da gishirin iska ba sa shiri da kayan lantarki. A Yamai ko Zinder ko N'Djamena kuwa ƙurar hunturu da zafi ne abokan gaba, domin sukan toshe matatar iskar majigi.

Ƙwan fitilar majigi yana da iyakar sa'o'i, yawanci 'yan dubbai, bayan haka sai an sauya. Alƙalami na ɓata ko ya lalace. Allon da ke aiki da majigi yana bukatar a riƙa daidaita shi, in ba haka ba sai a taɓa nan rubutu ya fito can, abin da ke ɓata zanen siffofi. Intanet ba dole ba ce, domin OpenBoard da GeoGebra duk suna aiki ba tare da ita ba idan an riga an sa su a kwamfuta. Makarantar da ba ta da ƙarfin sayen cikakken allo na iya samun mafi yawan amfaninsa da kwamfuta ɗaya da majigi na gama-gari da farin bango.

Tambayoyin da iyaye za su iya yi

Kafin a biya ƙarin kuɗi, ko a taron ƙungiyar iyayen yara idan aka kawo shawarar yin karo-karo domin sayen allo, akwai tambayoyin da amsarsu ke bayyana gaskiyar lamari:

- Allon yana cikin ajin yaron ne, ko a ɗaki ɗaya da dukan makaranta ke jira?
- Sau nawa a mako ake darasin lissafi da shi, kuma yara na taɓa shi da kansu?
- Malamin ajin ya samu horo? Na kwana nawa, kuma kan koyar da lissafi ne ko kan kunna na'ura kawai?
- Idan wuta ta ɗauke, da me ake ci gaba? An bar baƙin allo da alli a ajin?
- Wa ke gyara idan ya lalace, kuma an ware kuɗin gyara a kasafin shekara?
- Yara nawa ne a ajin, kuma kowa na da littafin lissafi da ɗan allonsa?

Gwaji mafi sauƙi a gida ake yin sa. A ba yaro 52 a ce ya ɗebe 27, sannan a ce ya bayyana da Hausa, da tsinkayen ashana ko da tsabar kuɗi, daga ina ya aro goman. Idan ya iya, darasin ya shiga, ko da wane irin allo aka koya masa. Idan kuwa amsar kawai ya iya faɗa, ya kamata a nemi ganin malaminsa tun kafin ƙarshen zango.